Ramsis na biyu ko Tuhutmus na uku: sawun wa ya kamata ka bi in kwana uku kawai kake da su a Masar?

Wani ƙanina da ya raka mahaifinsu asibiti a Alƙahira ne ya jawo wannan rubutun. Likita ya ce su jira mako guda kafin a sake duba tsohon, akwai mai zama da shi, shi kuma yaron yana da ɗan kuɗin da zai iya fita gari sau ɗaya tak, sai ya kira ni yana tambaya wai Abu Simbel zai je ya ga Ramsis ko Luksor zai tafi. Na ce masa ai tambayar taka ta fi ƙarfin tikitin jirgi, sarakuna biyu kake tambaya a kai ba ka sani ba, kuma in ba ka san wanene wane ba duk duwatsu kawai za ka je ka gani ka ɗau hoto ka dawo da ciwon ƙafa.

Toh bari mu fara da wanda kowa ya sani. Ramsis na biyu ya hau mulki wajen shekara ta 1279 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sauka da mutuwa a 1213, wato shekara 66 a kan gado, ya kai kusan shekara 90 a duniya. Ɗan Seti na ɗaya ne, gidan sarauta na 19. Shi kuwa Tuhutmus na uku ya riga shi nesa ba kusa ba, gida na 18 ne, 1479 zuwa 1425, shekara 54 a lissafi. Tsakanin rasuwar Tuhutmus da hawan Ramsis akwai shekara 146, dan haka ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuma jini ɗaya ba ne, kakan Ramsis soja ne da aka ɗauko aka ba sarauta bayan wancan gidan ya ƙare.

Amma wancan 54 ɗin na Tuhutmus akwai magana a ciki. Yana ɗan ƙaramin yaro ubansa ya rasu, sai matar uban, Hatshefsut, wadda kuma gwaggonsa ce tunda 'yar'uwar uban nasa ce, ta riƙe masa sarautar. Riƙo ya zama riƙo, bayan 'yan shekaru ta naɗa kanta fir'auna sukutum, har da gemun sarauta a gumakanta, aka yi shekara ashirin da 'yan kai suna sarauta tare amma ita ce mai faɗa a ji. Sai da ta rasu wajen 1458 sannan ya samu fili shi kaɗai. Kenan aikin da ake yaba masa duk a cikin shekara 32 ya yi shi, rabin lokacin Ramsis.

Yanzu zancen yaƙi, wanda nan ne na fi son in tsaya dan nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Hatshefsut na rasuwa sarakunan ƙasar Sham da Kan'ana suka ga dama ta samu, suka haɗa kai ƙarƙashin sarkin Kadesh suka taru a wani gari mai ganuwa da ake kira Magiddo. Tuhutmus ya fita da runduna, da suka iso kusa sai hanya ta rabu uku, biyu masu faɗi da sauƙi amma zagaye ne, ɗaya kuma matsattsiya ce tsakanin duwatsu, hanyar Aruna, wadda sai dai doki ya bi bayan doki mutum ya bi bayan mutum. Manyan hafsoshinsa suka ce ranka ya daɗe kar mu bi nan, in aka tare mu na gaba na faɗa na baya bai ma sani ba. Shi kuwa ya ce nan zai bi kuma shi ne a gaba. Ashe abokan gaba ma tunaninsu irin na hafsoshin ne, sun je sun tsare bakin hanyoyin nan biyu masu sauƙi sun bar ta tsakiya ba kowa, kawai sai ganin Misirawa suka yi sun ɓullo a fili dab da garin. Aka gwabza aka fatattake su. Abin dariyar shi ne sojojin Masar maimakon su bi su cikin gari sai suka tsaya kwasar ganima, mutanen gari suka rufe ƙofa suna zuro tufafi ta kan ganuwa suna jawo sarakunan nasu sama. Wannan kwaɗayin ya jawo sai da aka yi wa garin zobe wata bakwai kafin ya miƙa wuya. Rubutun da ke bangon Karnak, babban haikalin da ke Luksor, bai ɓoye wannan abin kunyar ba, kuma ya lissafa ganima dalla-dalla, karusan yaƙi 924, dawakai sama da 2,000. A nan ne aka rubuta cewa cin Magiddo daidai yake da cin gari dubu.

Kuma bai tsaya nan ba, wajen fita 17 ya yi cikin shekara 20, kusan duk shekara sai an fita. A shekararsa ta 33 ya sa aka ƙera jiragen ruwa a gaɓar teku wajen Bibilos ta Labanan, aka ɗora su kan amalanken shanu aka ja su ta tudu har kogin Furat, ya tsallaka ya taɓa daular Mitanni a gidansu ya kafa dutsen shaida a bakin kogin. Ta kudu kuwa ikonsa ya kai Jabal Barkal a Sudan ta yau, akwai dutsen rubutunsa da aka samu a can. Masar ba ta taɓa faɗi kamar zamaninsa ba. Dabararsa ta riƙe ƙasa ita ta fi burge ni ma: ba ya yanka sarakunan da ya ci, yana barinsu a kan gadonsu su dinga biyan haraji, sai ya kwashe 'ya'yansu ya kai Masar a rene su a fada, in uba ya mutu a mayar da ɗan ya gaje shi, ya riga ya zama Bamisire a zuci. Kaga an huta da tawaye rabi.

To Ramsis fa? Babban yaƙinsa shi ne Kadesh, eh wannan Kadesh ɗin dai ta bakin kogin Orontes a Siriya, a shekararsa ta 5, wajen 1274, da Muwatalli na biyu sarkin Hittiyawa waɗanda hedikwatarsu ke cikin Turkiyya ta yanzu. Ya raba rundunarsa huɗu da sunan gumakansu, Amun da Ra da Ptah da Set. A hanya aka kawo masa wasu makiyaya biyu suka ce ai Hittiyawa suna can nesa wajen Halab tsoro ya hana su matsowa, shi kuma ya yarda, ya yi gaba da runduna ɗaya ya bar sauran a baya ya kafa sansani. Ashe turo su aka yi, Hittiyawa na nan laɓe a bayan garin. Sai da aka kama wasu 'yan leƙen asiri aka jibge su sannan gaskiya ta fito, kafin a yi wani abu karusan Hittiyawa sun afka wa runduna ta biyu sun tarwatsa ta sun shigo har sansanin sarki. Gaskiya a ba shi haƙƙinsa, ya yi jarumta ranar, ya riƙe wuta har ɗauki ya iso ta gefen teku aka kora su. Amma Kadesh ba ta ciwu ba. Ya juya gida, garin ya zauna a hannun Hittiyawa, har ƙasar Amurru ma suka karɓe abinsu.

Sai mutumin ya dawo Masar ya sa aka sassaƙa labarin a bangon Abu Simbel da Luksor da Karnak da Abidos da haikalinsa na Ramesiyum, ga shi ƙato a kan karusa shi kaɗai, linzami ɗaure a ƙugu yana harba kibiya, maƙiya na faɗawa kogi kamar kwaɗi, rubutun na cewa sojojinsa sun gudu sun bar shi shi da ubangijinsa Amun. Wallahi in a yau yake da ba wanda zai kai shi iya farfaganda. Canjaras aka yi, shi kuma ya sayar da shi a matsayin nasara har shekara dubu uku ana saye.

Amma kar in zalunce shi. Abin da ya yi bayan nan Tuhutmus bai yi irinsa ba. A shekararsa ta 21, wajen 1259, ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Hattusili na uku, ba za a kai wa juna hari ba, za a taimaki juna in wani ya kawo farmaki, za a mayar da waɗanda suka gudo. Ana da rubutun ɓangarorin biyu, na Masar a bangon Karnak, na Hittiyawa a allon yumɓu da ke gidan tarihi a Istanbul, kuma an rataye kwafinsa a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Daga baya har ya auri 'yar sarkin Hittiyawan a shekararsa ta 34. Wannan sulhun ya riƙe har ƙarshen daular Hittiyawa, shi ya ba shi shekaru arba'in da wani abu na kwanciyar hankali da ya zuba su a gini. In ka tambaye ni wanda ya fi iya yaƙi Tuhutmus ne ba tantama, wanda ya san lokacin da ya kamata a ajiye takobi kuma Ramsis ne.

To a gini kuwa Ramsis ba shi da na biyu wajen yawa da girma. Ya kafa sabon babban birni a arewa, Pi-Ramsis, wajen ƙauyen Ƙantir na yanzu, wanda yau kusan duk yana ƙarƙashin gonaki, kar ka ɓata kuɗin motarka. Ya ƙarasa adon zauren ginshiƙai na Karnak da ubansa ya faro, ginshiƙi 134, wurin da in ka shiga sai ka ji ka koma tururuwa. Ya ƙara ƙofa da farfajiya a haikalin Luksor. Sai dai yana da wata ɗabi'a, in ya ga gunkin wani sarki na da ya yi masa kyau sai a kankare sunan mai shi a sa nasa, nasa sunan kuma yana sa a huda shi da zurfi sosai a dutse dan kar wani ya yi masa abin da ya yi wa wasu, mai hali dai ya san halinsa. In ka je Luksor ka lura da zurfin rubutun, da ido za ka gane bambancin.

Tuhutmus gininsa bai kai haka ihu ba. Yana da zauren biki a can bayan Karnak, Akh-menu, mai ginshiƙai kamar sandunan tanti, da wani ɗan ɗaki da aka zana tsirrai da tsuntsayen da ya gano a Sham, yawancin masu yawon buɗe ido ba sa ma isa wurin dan sun gaji tun a gaba. Abin haushi kuma dogayen duwatsunsa masu tsini, waɗanda Misirawa ke kira misalla, duk sun bar ƙasar: ɗaya a Rum wanda shi ne mafi tsawo da ke tsaye cikin na da, wajen mita 32, ɗaya a Istanbul, ɗaya a Landan, ɗaya a New York, na Landan da New York ɗin ma sunan Kiliyobatra aka laƙa musu alhali an sassaƙa su fiye da shekara dubu kafin a haife ta. Ramsis ma an ɗauke masa ɗaya daga ƙofar haikalin Luksor yana tsaye a birnin Faris tun 1836, shi ya sa za ka ga ƙofar da guda ɗaya kamar mai giɓi.

Shi ma Tuhutmus ɗin yana da nasa tabon, shi ya sa aka bi aka farfasa gumakan Hatshefsut aka goge sunanta. Da can ana cewa haushin danne shi da ta yi ne, amma an gano ba a fara aikin ba sai wajen shekara 20 bayan rasuwarta, kuma mai jin haushi ba ya jiran shekara ashirin. Masana da yawa sun fi karkata ga cewa gadon ɗansa Amenhotep na biyu yake sharewa hanya. Ni dai ban wanke shi ba.

Akwai tambayar da na san tana bakin kowane Bahaushe, ƙanin nawa ma ita ya fara yi: wanne ne Fir'aunan Annabi Musa (AS)? Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Da yawa suna cewa Ramsis na biyu, musamman saboda sunan birnin Ramsis da ya zo a Attaura, wasu sun ce ɗansa Marnaftah wanda dutsen rubutunsa ne mafi daɗewa da ya ambaci sunan Isra'ila, wasu kuma masu wani lissafin suna kai abin baya zamanin Tuhutmus na uku ko ɗansa. Ba a samu rubutun Masar da ya yanke hukunci ba, Allah ne masani. Dan haka in wani ɗan jagora ya nuna maka gawa ya rantse ita ce, ka saurare shi kawai. Hoton fasfo ɗin Ramsis da ke yawo a Facebook ma haɗa shi aka yi da kwamfuta, abin da ya tabbata shi ne an kai gawarsa birnin Faris a 1976 dan magance wani naman gwari da ke cin ta.

Kuma gawarwakin nan ba sai ka bar Alƙahira ba. Tun watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, Ramsis da ubansa Seti da Marnaftah da Tuhutmus da Hatshefsut duk suna nan a ƙasa cikin wani zaure mai duhu, ba a ɗaukar hoto. Wannan rabin yini ya ishe ka, da tasi za ka je. Haka ƙaton gunkin Ramsis mai mita 11 da ya daɗe a dandalin tashar jirgin ƙasa, yanzu yana tsaye a mashigar sabon babban gidan tarihi na Giza. Kenan tun ba ka fita gari ba ka riga ka ga Ramsis sau biyu.

Yanzu ga zaɓin. Abu Simbel tana can ƙuryar kudu dab da iyakar Sudan, sai ka fara zuwa Aswan, daga nan kuma wajen kilomita 280 a mota cikin hamada, awa uku da wani abu, yawanci tun kafin asuba ake tashi. Abin da za ka gani ba ƙarya ya isa a gani: gumakan Ramsis huɗu a zaune kowanne wajen mita 20 an sassaƙa su a jikin dutse, ɗaya ya karye tun zamanin da, kansa na nan a ƙasa, a gefe ga ƙaramin haikalin matarsa Nafartari inda aka yi gumakanta tsawo ɗaya da nasa, abin da ba a saba yi wa matan sarki ba. Ranar 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba rana na shiga har ƙuryar ciki ta haska gumaka uku ta bar Ptah a duhu. Sannan ga labarin ceto shi, lokacin da aka gina madatsar ruwan Aswan zamanin Jamal Abdul Nasir ruwa zai cinye wurin, UNESCO ta jagoranci yanka haikalin gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi mita 65 sama aka ja shi baya wajen mita 200 aka sake harhaɗawa. Amma duk wannan awa biyu ne ka gama, sai a sake awa uku a dawo. Kwana ukunka kusan duk hanya za ta cinye, kuma sarki ɗaya za ka gani yana yabon kansa.

Luksor kuwa jirgin sama awa ɗaya ne daga Alƙahira, ko ka bi jirgin ƙasa na dare ka wayi gari a can. Kuma sirrin da na faɗa wa ƙanin nawa shi ne a Luksor ba sai ka zaɓa ba, duk su biyun suna nan har da Hatshefsut kyauta. Rana ta farko ka ba Karnak safiya guda cur, ka ratsa zauren ginshiƙan Seti da Ramsis, ka wuce misallar Hatshefsut mai kusan mita 30, ka nemi bangon da aka rubuta yaƙe-yaƙen Tuhutmus kusa da ɗakin tsakiya, ka daure ka ƙarasa Akh-menu. Da yamma haikalin Luksor, wanda a cikin farfajiyar Ramsis ɗin akwai masallacin Abul Hajjaj da har yau ake sallah a ciki, ka yi magariba a nan ka fito an kunna fitilu. Rana ta biyu ka tsallaka Nilu da jirgin fito zuwa yamma, Kwarin Sarakuna da haikalin Hatshefsut na Dairul Bahri mai hawa uku a gindin dutse, inda aka zana tafiyar fataucin da ta aika ƙasar Punt aka dawo da itatuwan turare, sai Ramesiyum inda wani gunkin Ramsis ɗin ke kwance a farfashe. Rana ta uku gidan tarihin Luksor, ƙarami ne amma akwai wani gunkin Tuhutmus na dutse mai duhu sumul, fuskar saurayi da ɗan murmushi, ni a ganina ya fi duk ƙattin Ramsis kyau.

Kabarurruka kuma a nan abin ya juye. Na Ramsis kansa ambaliya ta lalata shi tun da daɗewa. Na 'ya'yansa, wanda aka gano girmansa a 1995, ɗakuna sama da 100 ne, ai dole, mutumin da ya haifi 'ya'ya wajen ɗari kuma ya binne da yawansu da hannunsa, Marnaftah da ya gaje shi ɗa na 13 ne kuma ya riga ya tsufa. Na Nafartari a Kwarin Sarauniyoyi shi ne mafi kyawun launi amma tikitinsa daban ne mai tsada kuma ana yawan rufe shi. Na Tuhutmus yana can maƙale a tsagin dutse sai ka hau doguwar matakala sannan ka gangara, zanen ciki kamar da alƙalami aka yi a takarda, 'yan mutane siri-siri, ba irin na sauran ba. Tikitin kwarin kabari uku yake ba ka kuma ana juya waɗanda ake buɗewa, dan haka ka tambaya a bakin ƙofa kafin ka sa rai.

In da Fabrairu ne ko Oktoba kuma ranar 22 ta faɗo cikin kwanakinka, ko kana da kwana biyar zuwa shida, to haɗa duka, daga Luksor zuwa Aswan awa uku ne a jirgin ƙasa. In kuma kai ɗalibi ne a Azhar da ke da shekaru a gaba, fara da Luksor ka bar Abu Simbel sai wani hutun, kuma ka riƙe katin ɗalibanka dan ana rage kuɗin shiga. Amma mai kwana uku irin ƙanina, Luksor na ce masa, kuma na ce in lokacin zafi ne ya fita tun ƙarfe shida dan kafin sha ɗaya rana ta wuce 40, zafin Sakkwato a watan Afrilu ne ba ragi. Ya tafi, ya kira ni daga bayan Karnak yana haki wai ya samo ɗakin tsirran amma shi kaɗai ne a wurin sai wani mai gadi da ke neman na shayi.